Kwamfutar da ta rasa adireshi ba fomatin take buƙata ba

A farkon watan Disamba na 2016, ɗimbin masu amfani da Windows 10 a Ingila suka wayi gari intanet ya ɗauke musu. Rauta tana kunne, fitilunta suna walƙiya, wayoyin hannu na gidan suna ta aikinsu, amma kwamfuta ta ƙeƙashe ƙasa ta ƙi buɗe ko da shafi ɗaya. Kamfanonin sadarwa irin su Virgin Media da Plusnet suka sha koke-koke har suka fitar da sanarwa ga abokan cinikinsu. Daga baya Microsoft ya amsa cewa matsalar daga manhajarsa take, ya kuma fitar da gyara ranar 13 ga watan. Kafin gyaran ya iso, shawarar farko da kamfanin ya bayar ita ce a sake kunna kwamfutar ta hanyar Restart.

Babu abin da ya ƙone a cikin waɗannan kwamfutoci, babu kebul ɗin da ya tsinke. Abin da ya faru kawai shi ne sun kasa karɓar adireshi daga rautar da ke gefensu.

Irin wannan larura tana sauka a gidaje daga Kano zuwa Maraɗi kusan kullum, ko da yake sanadinta ya kan bambanta. Abin takaicin shi ne yadda ake magance ta. Mai kwamfuta ya rungume ta zuwa shago, ya ce, "Oga, ta daina kama intanet." Yaron shago ya kunna, ya danna nan ya danna can, ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, sai dai a yi mata fomatin." Nan take a share komai, a sake ɗora Windows. Hotunan biki, takardun makaranta, lissafin kasuwa na shekaru, duk wanda ba a kwashe ba ya tafi. Wannan ɗabi'a ɓarna ce, kuma a mafi yawan lokuta ba ta da dalili, domin ciwon da ake yi wa wannan babbar tiyata mai gida zai iya gano shi da kansa cikin 'yan mintuna, idan an taɓa nuna masa inda zai duba.

A cikin kowace kwamfuta akwai katin sadarwa, wato ɓangaren da ke haɗa ta da sauran na'urori. Laftof yawanci tana da biyu, ɗaya na kebul ɗaya na waifai, sai dai sababbin sirara da aka cire musu ramin kebul. Kowane kati yana fitowa daga masana'anta da lambarsa ta dindindin mai haruffa da alƙaluma goma sha biyu, wadda ake kira MAC. Amma wannan lamba ba ta isa a yi hulɗa da intanet ba. Dole katin ya sami adireshin IP, lambobi huɗu da ɗigo a tsakaninsu, kowace daga 0 zuwa 255, kamar 192.168.0.105. A zamanin da, da hannu ake rubuta wa kowace na'ura nata. A 1985 aka fito da tsarin BOOTP wanda ya rage wahalar, amma shi ma sai jami'i ya zauna ya jera kowace na'ura a rajista. Tsarin da duniya ke amfani da shi yanzu, DHCP, an wallafa shi a 1993, kuma Ralph Droms na Jami'ar Bucknell a jihar Pennsylvania ta Amurka ne ya rubuta shi. An sabunta shi a watan Maris na 1997, kuma wannan sigar ce har yau ke aiki a cikin ƙaramar MiFi da ke aljihun ɗalibi.

Yadda yake aiki ya yi kama da saukar baƙo a masauki. Baƙo ya iso bai san kowa ba, sai ya ɗaga murya ya yi sallama don duk wanda ke ciki ya ji. Mai masauki ya fito ya ce ga ɗaki lamba kaza babu kowa. Baƙo ya ce ya karɓa. Mai masauki ya rubuta a littafinsa, ya faɗa masa kwana nawa aka ba shi, ya nuna masa ƙofar fita da wanda zai tambaya idan yana neman wani gida a gari. Saƙonni huɗu ke nan ke wucewa tsakanin kwamfuta da rauta, kuma idan lafiya ƙalau ake, kafin mutum ya gyara zama an gama.

Adireshin aro ne na ɗan lokaci. Wasu rautoci suna ba da shi na awa biyu, wasu na kwana guda. Idan rabin wa'adin ya wuce, kwamfuta takan nemi ƙari daga rautar da ta ba ta. Idan ta ji shiru har kashi bakwai cikin takwas na wa'adin ya tafi, sai ta fara neman duk wanda zai amsa. Idan wa'adi ya cika babu amsa, ƙa'ida ta ce ta ajiye adireshin. Tare da adireshin kuma ana ba ta wasu bayanai biyu masu muhimmanci: adireshin ita rautar, wadda ta nan ake fita zuwa intanet, da adireshin na'urar DNS da ke mayar da sunayen shafuka zuwa lambobi.

To idan kwamfuta ta yi ta kira ba wanda ya amsa fa? Tun daga Windows 98, Microsoft ya sa ta riƙa zaɓar wa kanta adireshi daga wani rukuni da aka ware, wanda ke farawa da 169.254. Wannan adireshi ba ya kai kowa intanet. Amma ga mai neman gano matsala, babu shaidar da ta fi shi daraja, domin ma'anarsa ɗaya ce tak: katin yana raye, ya nemi adireshi, bai samu ba.

Ganin wannan lamba ba ya buƙatar takardar shaidar komai. A danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta cmd, a danna Enter. Baƙin allo zai buɗe. A rubuta ipconfig /all, a sake danna Enter, sannan a nemi sashen katin da ake amfani da shi, na kebul ko na waifai. Abin da zai bayyana a nan shi ke raba hanya. Idan an ga Media disconnected, maganar adireshi ba ta ma taso ba, katin bai haɗu da komai ba. Idan an ga lamba mai farawa da 169.254, an haɗu amma rauta ba ta bayar ba. Idan kuma an ga lamba mai farawa da 192.168, ko 10, ko 172 da ke biye da lamba tsakanin 16 da 31, to an sami adireshi na cikin gida, domin waɗannan ne rukunan da aka keɓe wa gidaje da ofisoshi tun 1996. Sai a koma duba ko daga inda ya dace ya fito.

Ga wanda ke kan kebul, Media disconnected kusan kullum maganar waya ce. A cikin kebul ɗin akwai ƙananan wayoyi takwas, kuma ya isa ɗaya daga cikin masu aiki ta kuɓuce daga kan robar da aka matse a bakinsa. Kebul da ya bi ta ƙarƙashin ƙofa, ko ya sha rana a bayan katanga, ko ɓera ya taɓa, ba ya daɗewa. A dubi ƙananan fitilun da ke bakin ramin kebul a jikin kwamfuta da na rauta. Idan a mace suke, a gwada wani kebul da wani rami kafin a zargi komai. A laftof kuma, sau da yawa yaro ne ya danna maɓallin da ke kashe waifai.

Lambar 169.254 ta fi yawan dalilai, kuma na farkonsu a ƙasashenmu shi ne wuta. An ɗauke, an kawo, ko an juya daga layin gwamnati zuwa janareta. Laftof tana da batir, ba ta ma san an yi ba, ko kuma kwamfutar tebur ta riga rauta farkawa. Rauta na iya ɗaukar minti ɗaya ko biyu kafin ta kammala tashi, alhali fitilun ramukanta sun riga sun kama. A wannan tazara kwamfuta ta yi kira, ta ji shiru, ta ɗauki 169.254. Windows yana sake gwadawa da kansa kowane minti biyar, don haka wani lokaci haƙuri kaɗai ya isa. Wanda ba ya son jira sai ya rubuta ipconfig /release, sannan ipconfig /renew. Na farko yana sakin abin da ke hannu, na biyu yana sake roƙo. Idan ya dawo da saƙon cewa ya kasa samun na'urar DHCP, sai a kashe rauta, a zare ta daga wuta na ɗan lokaci, a mayar, a bar ta ta gama tashi sarai, sannan a sake.

Akwai wani abu da ya rikita mutane a 2016 wanda har yanzu yake rikita su. Tun daga Windows 8 a 2012, idan aka danna Shut down, kwamfuta ba ta mutuwa gaba ɗaya. Tana adana wani ɓangare na yanayinta a faifai don ta yi saurin tashi, kuma idan akwai tangarɗa a wannan ɓangaren, da ita za ta farka. Restart ne ke wanke komai ya fara daga tushe. Mutum zai rantse ya kashe ya kunna sau uku ba ta yi ba, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai bai yi wanda ya dace ba.

Dalili na biyu cunkoso ne. Kowace rauta tana da iyakar adireshin da za ta raba, kuma ƙananan MiFi suna da iyakar na'urorin da za su ɗauka, wasu goma, wasu goma sha shida. A gidan da kalmar sirri ta zaga daga ɗakin samari zuwa maƙwabta, wannan iyaka ba ta da wuyar cika. Wayoyi sun riga sun kama wuri tun da asuba, sai kwamfutar mai gida, wanda shi ya sayi datar, ta zo a ƙarshe ta tarar babu gurbi. Ana ganin jerin waɗanda suka shiga idan aka buɗe shafin rautar daga wata waya da ke haɗe. A MiFi na Huawei adireshin shafin yawanci 192.168.8.1 ne, a rautocin TP-Link da yawa kuma 192.168.0.1, kuma galibi an rubuta shi a takardar da ke manne a ƙasan na'urar. Canza kalmar sirri yana sallamar kowa a lokaci guda.

Wasu masu gida, don gudun wannan, sukan sa rauta ta karɓi na'urorin da aka rubuta lambar MAC ɗinsu kaɗai. Dabara ce mai kyau a da. Amma tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, wayoyi suna ɓoye lambarsu ta asali su nuna ta ƙirƙira, kuma Windows ma yana da wannan zaɓi, har da na canza lambar kowace rana. Idan aka kunna shi, rauta za ta ɗauki kwamfutar gida a matsayin baƙuwar da ba ta cikin rajista, ta hana ta.

Sai kuma matsalar da ta fi shafar kasuwarmu. Mafi yawan laftof da ake saya a nan na hannu ne, kuma da yawansu sun yi aiki a ofis, ko a makaranta, ko a cibiyar jarrabawa kafin su iso gida. A irin waɗannan wurare ana yawan rubuta wa kati adireshi da hannu. Kwamfutar da aka yi wa haka ba ta roƙon kowa, tana nan riƙe da tsohon adireshinta na wani gini da ta baro, kuma rautar gida ba ta san da zamansa ba. Alamar a bayyane take a cikin abin da ipconfig /all ya nuna: layin da aka rubuta DHCP Enabled zai ce No. Gyaran kuma danna biyar ne ko shida. A danna Windows da R, a rubuta ncpa.cpl, a danna katin da maɓallin dama, a shiga Properties, a buɗe layin da ke ɗauke da TCP/IPv4, a zaɓi Obtain an IP address automatically, a yi haka nan ga na DNS da ke ƙasansa. Abin da ake share faifai guda a kansa ke nan.

Akasin wannan ma yana faruwa, kuma a nan ne ya kamata masu gyara su ji magana. Wani mai gyaran, da ya ga 169.254, sai ya rubuta adireshi da hannu, intanet ya kawo, ya karɓi kuɗinsa. A matsayin gwaji wannan daidai ne, domin yana tabbatar da cewa kebul da kati lafiya suke, raba adireshin ne ya tsaya. Amma a bar shi haka a miƙa wa mai kaya, binne matsala ce. Idan lambar da ya zaɓa tana cikin waɗanda rauta ke rabawa, wata rana za ta iya ba wa wata waya ita, na'urori biyu su riƙa fizgar adireshi ɗaya, intanet ya riƙa zuwa yana ɗaukewa ba a san dalili ba. Ranar da aka ɗauki laftof ɗin zuwa wani gida ko wurin aiki kuma, ba za ta kama ba sam. Jami'ar Princeton a Amurka ta ɗanɗana irin wannan rikici a watan Afrilu na 2010, lokacin da iPad na farko ya fito. Ma'aikatanta suka lura cewa wasu daga cikin na'urorin suna ci gaba da amfani da adireshi bayan wa'adin aronsa ya ƙare, alhali an riga an ba wa wasu, har sai da jami'ar ta toshe wasunsu daga layinta. Idan jami'a mai ma'aikatan sadarwa na musamman ta ɗauki abin da wannan muhimmanci, bai kamata a riƙa shuka shi da gangan a falon mutane ba. Wanda ke buƙatar adireshi marar canzawa, misali don firinta, a cikin rauta ake ware masa, ta yadda ita da kanta za ta riƙa ba shi lamba ɗaya kullum.

Wata sabuwar larura ta ƙaru tun da mutane suka fara raba layi ɗaya tsakanin gidaje da shaguna, musamman bayan shigowar Starlink Najeriya a watan Janairu na 2023. Ana jan kebul daga babbar rauta zuwa ta biyu don sabis ya kai ɗaya ɓangaren gida. Idan aka soka kebul ɗin a ramin LAN na ta biyun ba tare da an kashe mata DHCP ba, masu rabon adireshi sun zama biyu a layi ɗaya. Kwamfuta ta yi kira, dukansu su amsa, ta ɗauki na wanda ya riga. Yau ta dace da na babbar rauta komai ya tafi daidai, gobe ta ɗauki na ƙaramar, wadda ke nuna kanta a matsayin ƙofar fita alhali ba ta kai ko'ina. Wannan ne ciwon da ya fi wahalar da mutane, domin adireshin da za a gani mai kyau ne a ido, yana farawa da 192.168. Layin Default Gateway ne ke tona asiri: idan lambar da ke wurin ba ta babbar rauta ba ce, an gano ɓarawon. A kashe DHCP a ta biyun, ko a mayar da ita yanayin Access Point idan tana da shi.

Idan adireshi da ƙofar fita duk daidai suke amma shafuka ba sa buɗewa, to laifin ya bar katin sadarwa. A rubuta ping da adireshin rauta. Idan ta amsa, a rubuta ping 8.8.8.8, wato na'urar DNS ta Google. Idan wannan ma ya amsa amma sunayen shafuka sun ƙi, DNS ne ya sami matsala. Idan bai amsa ba, a duba ko data ce ta ƙare ko sabis ne babu, wanda shi ne ya fi yawa.

Adalci ne a faɗi cewa masu gyara ba mugunta ke sa su fomatin ba. Yawancinsu a hannun oga suka koya, shi ma haka ya gani ana yi, kuma hanya ce da ke da tabbataccen farashi da tabbataccen lokaci. Akwai kuma lokutan da Windows ɗin ne da kansa ya dagule. Amma ko a nan akwai matakai kafin a kai ga share faifai. Umarnin netsh winsock reset da netsh int ip reset, idan aka buɗe baƙin allon da izinin mai gudanarwa, suna mayar da saitin sadarwa yadda yake tun farko. Windows 10 da 11 suna da maɓallin Network reset da ke cire katunan ya sake ɗora su, kuma abin da za a rasa bai wuce kalmomin sirrin waifai da aka adana da wasu saituna ba. Fomatin kuwa, ban da fayilolin da ke salwanta, sau da yawa yana barin kwamfuta babu direban katin sadarwar ma, sannan a shiga sauke sabuntawa masu cin gigabait da yawa, a lokacin da kuɗin data ya tashi tun bayan da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairu na 2025. Kuma idan matsalar a rauta take, ko a kebul, kwamfutar da aka wanke tas za ta koma gida ta sake nuna 169.254.

Cibiyoyin koyar da kwamfuta da suka cika garuruwanmu suna da nasu kason. Ɗalibi zai yi wata uku yana koyon Word da Excel, ya karɓi takardar shaida, bai taɓa buɗe baƙin allon nan ba. Darasin awa ɗaya ya isa a nuna masa ipconfig da ma'anar sakamakonsa. Masu sayar da MiFi da rauta ma ba abin da zai rage su idan suka haɗa da 'yar takarda da Hausa, mai nuna adireshin shafin na'urar da abin da 169.254 ke nufi. Mai kwamfuta kuma, idan ya zama dole ya je shago, ya ɗauki hoton abin da ipconfig /all ya nuna tun yana gida, a kan layin da matsalar ta faru, domin a shago wata rauta ce daban, kuma ciwon na iya ɓuya.

Akwai ranar da katin ne da gaske ya mutu. Da damina, tsawa kan bi ta kebul mai tsawo da aka ja a waje ta ƙona ramin da ke jikin kwamfuta, wani lokaci har da na rauta. Alamarsa ita ce fitilun ramin ba sa kamawa da kowane kebul aka gwada, ko kuma katin ya ɓace ɗungurungum daga jerin da ke cikin Device Manager. Maganinsa ɗan ƙaramin katin sadarwa ne da ake sokawa a ramin USB, na kebul ko na waifai, wanda ake samu a shagunan kayan kwamfuta. Ana soka shi Windows yakan gane shi, ya nemi adireshi da sabuwar lambar MAC, fayilolin mai kaya kuma suna nan inda ya bar su.